Layin rawaya a gefen titunan Birtaniya: abin da ya hana da abin da ya bari

A kusan kowane gari na Birtaniya, daga Landan zuwa Birmingham, daga Leeds zuwa Glasgow, akwai wani layi ruwan ɗorawa da ake ja da fenti a bakin titi, dab da dakalin da masu tafiya a ƙasa suke bi. Wani wurin layi ɗaya ne, wani wurin biyu ne a jere. Mai shiga bas da jirgin ƙasa zai iya shekara bai taɓa tambayar ma'anarsa ba. Amma ranar da mutum ya kama sitiyari, wannan fentin ya zama doka a kansa, kuma doka ce da ake aiwatarwa ba sani ba sabo.

Zancen ya shafe mu. 'Yan'uwanmu da yawa suna can, wasu karatu ya kai su, wasu aikin asibiti ko na kula da tsofaffi a gidajensu, wasu kuma ziyara. Dokar ƙasar ta yarda wanda ya zo da lasisin Najeriya ya yi tuƙi da shi har wata 12 daga ranar da ya zama mazauni, bayan nan sai ya ci jarrabawar tuƙi ta can. Ke nan mutum yakan hau titi tun bai buɗe littafin dokokin hanya na ƙasar ba, wato Highway Code, wanda aka fara bugawa a 1931 ake kuma ta sabunta shi. Hankalin sabon direba yakan tafi kacokan kan tuƙi a hannun hagu, abin da Najeriya ta bari tun 1972, sai ya manta cewa ajiye motar ma tana da nata karatun. Sau da yawa takardar tara a jikin gilashi ce malamarsa ta farko.

Abu biyu ne ya kamata a riƙe tun farko. Layin rawaya bai hana mota tsayawa ba, jira da ajiye mota ya hana. Kuma sau da yawa fentin da ke ƙasa rabin bayani ne, sauran rabin yana kan wani ɗan allo da ke maƙale a jikin sanda ko turken fitila kusa da wurin. Wanda ya gane waɗannan biyun ya gane kusan komai.

Layi biyu

Layi biyu a jere na nufin ba a jira kuma ba a ajiye mota a wurin a kowane lokaci: dare da rana, Asabar da Lahadi, har ranar Kirsimeti. Doka ta 238 a Highway Code ta fito da shi ƙarara cewa haramcin yana aiki ko da babu allo a kusa. Saboda haka rashin ganin allo ba hujja ba ce.

To ina bambancin tsayawa da jira? Idan ka ɗauko mahaifiyarka daga asibiti, ka tsaya a kan layi biyu a ƙofar gida don ta sauka, ba ka karya doka ba. Idan ta manyanta har sai ka fito ka kama hannunta ka raka ta bakin ƙofa, yawancin hukumomi suna ɗaukar wannan a matsayin wani ɓangare na sauke fasinja, muddin ka dawo ka ja motarka nan take. Amma idan ka iso ƙofar gidan abokinka ka buga masa waya ya ce ga shi nan fitowa, kai kuma ka gyara zama kana duba WhatsApp, wannan jira ne. Kasancewarka cikin motar ba ta canza komai ba, haka barin inji a kunne. Shiga shago na minti biyu don sayen burodi, ko tsayawa cire kuɗi a na'ura, duk ajiye mota ne a idon doka.

Akwai wata ɗabi'a da direbobi a ƙasashe da yawa suka saba da ita, har da namu: mutum ya tsaya inda bai kamata ba, ya kunna tirafiketa biyu suna ƙyaftawa, ya ga kamar ya nemi izini ke nan. Doka ta 116 ta ce waɗannan fitilun na gargaɗin haɗari ne, kuma kada a taɓa fakewa da su a ajiye mota ba bisa ƙa'ida ba. Ga jami'in da ke sintiri, sai ma su nuna masa motar tun daga nesa.

Wani abin da mutane ba su cika sani ba shi ne, ikon layin bai tsaya a kan kwalta kawai ba. Ya haɗa da dakalin masu tafiya a ƙasa da ciyawar da ke bayansa. Haurawa da tayoyi bisa dakali don a ce ai motar ba a kan layi take ba, ba dabara ba ce. A Landan ma laifi ne na daban, domin tun 1974 aka hana ajiye mota a kan hanyar masu ƙafa a birnin, sai inda allo ya ba da dama. Sikotland ita ma ta bi sahu, birnin Edinburgh ya fara cin tara a kai a farkon 2024.

Layi ɗaya, da allon da ke tafe da shi

A nan ne aka fi yin kuskure, don haka a nan ya kamata mu daɗe.

Layi ɗaya yana hana jira da ajiye mota a wasu sa'o'i ne kawai, kuma layin da kansa ba ya faɗin waɗanne sa'o'i ne. Sai ka nemi ɗan allon nan mai launin rawaya, wanda bai wuce faɗin littafin rubutu ba. A kansa za ka ga da'ira shuɗiya mai jan baki da jan layi a karkace, sannan ranaku da lokaci. Idan aka rubuta Mon - Sat, 8 am - 6.30 pm, ma'anarsa daga Litinin zuwa Asabar, daga ƙarfe 8 na safe zuwa 6:30 na yamma, ba a ajiye mota. Bayan wannan lokacin, da kuma yinin Lahadi, kana iya ajiyewa. Idan kuwa allon ya nuna sa'o'i bai ambaci ranaku ba, haramcin na kowace rana ne, har Lahadi da ranakun hutun ƙasa.

Yawancin masu cewa "ai bayan ƙarfe shida layi ɗaya ya halatta" ko "ai ranar Lahadi ba a kamawa" suna faɗin abin da suka saba gani a unguwarsu ne. Babu wata doka ta ƙasa da ta ce haka. Kowace ƙaramar hukuma ce ke yanke sa'o'in titunanta, kuma tituna biyu da ke maƙwabtaka za su iya bambanta. Wani layin na awa ɗaya ne tak da tsakar rana, an sa shi ne don hana masu zuwa tashar jirgin ƙasa barin motocinsu tun safe har dare a unguwar mutane. Wani kuma yana kaiwa har tsakar dare saboda gidajen abinci da wuraren shaƙatawa da ke titin.

Sai kuma babban tarkon: layi ɗaya da ka duba hagu da dama ba ka ga allonsa ba. Wannan ba ya nufin an manta. A birane da yawa akwai unguwannin da aka keɓe a matsayin yankin taƙaita ajiye motoci, inda ake kafa babban allo a kowace mashiga ta unguwar ɗauke da sa'o'in da suka shafi dukan layukan rawaya guda-guda da ke ciki. Kana iya wuce allon tun tituna biyar baya, hankalinka na kan taswirar waya. Idan ka ga layi ɗaya babu allo, ka ƙaddara cewa kana cikin irin wannan yankin. Ko ka koma mashiga ka karanta, ko ka duba shafin intanet na ƙaramar hukumar, ko ka nemi wani wurin. A kewayen manyan filayen ƙwallo ma akwai ƙarin sa'o'i na ranar wasa. Unguwannin da ke zagaye da filin Arsenal a arewacin Landan da na Wembley suna da irin wannan tsari, kuma allon mashiga ne ke sanar da ranar da za a yi wasa na gaba.

Masu zuwa Juma'a su lura da wannan sosai. Lokacin sallar yakan faɗo tsakiyar sa'o'in da layi ɗaya ke aiki, kuma ganin motocin 'yan'uwa jere a kan layi ba fatawa ba ce. Gara a fito da wuri a ajiye motar a wurin biya, a ƙarasa da ƙafa. Ban da tsira daga tara, hakan yana kare mutuncin masallacin a idon maƙwabtansa, domin cunkoson motoci na daga cikin ƙorafe-ƙorafen da aka fi kai wa hukuma game da wuraren ibada.

'Yan gajerun layuka a jikin dakali

Doka ta yarda a tsaya a kan layin rawaya, ɗaya ko biyu, don lodi ko sauke kaya. Ana nufin kayan da nauyinsu ko girmansu ya sa ba za a iya ɗauko su daga nesa ba, ko kuma saƙon da mai aikin kai kaya ya kawo. Dole aikin ya zama ana yinsa ba yankewa, kuma hukumomi sukan sa iyaka, wasu minti 20, wasu 40. Wanda ya sauke katifa ya shiga ciki ya zauna shan shayi ya fita daga wannan rangwamen.

Amma kafin ka buɗe but, dubi jikin dakalin kansa. Idan ka ga 'yan gajerun layuka rawaya da aka ja a tsaye, suna haurowa daga kwalta zuwa saman dakali, to maganar lodi suke yi. Bibbiyu na nufin ba lodi ba saukewa a kowane lokaci. Ɗaiɗai na nufin an hana a sa'o'in da wani farin allo da ke kusa ya nuna. Ko a irin wannan wurin, fasinja na iya hawa ko sauka. Masu aikin kai abinci da saƙonni su suka fi buƙatar sanin wannan, don ƙananan layukan ba su da wuyar ɓacewa a ƙarƙashin ganye ko laka.

Masu naƙasa da ke riƙe da katin Blue Badge suna da sassauci na musamman. A Ingila da Wales suna iya ajiye mota a kan layi ɗaya ko biyu har awa uku, idan sun ɗora katin a gaban mota tare da agogon kwali da ke nuna lokacin isowarsu, in dai babu waɗancan layukan hana lodi kuma motar ba ta tare hanya ba. A Sikotland ba a sa iyakar awa ukun ba. Tsakiyar Landan kuwa, wato Westminster, da Kensington da Chelsea, da tsohon birnin da ake kira City, da wani yanki na Camden, suna da nasu tsarin daban. Katin na mutum ne, ba na mota ba. Ɗa ya ɗauki katin mahaifinsa ya tafi kasuwa shi kaɗai laifi ne da kan kai mutum kotu, tarar kuma tana iya kaiwa fam 1,000.

Inda ko tsayawar ma ba a yi

Akwai wuraren da sassaucin sauke fasinja ba ya aiki.

Na farko shi ne ƙofar makaranta, inda ake jan layin rawaya mai lanƙwasa kamar haƙoran zarto, da rubutun School Keep Clear a kan kwalta. Idan akwai allo da ya nuna sa'o'i, to a cikin sa'o'in ba a tsayawa ko na daƙiƙa goma, ko da ɗanka za ka sauke. Ni a ganina wannan ce alamar da ta fi kowace cancantar biyayya. Yaro ɗan shekara shida bai kai tsayin mota ba. Idan ya fito daga tsakanin motoci biyu da ke tsaye, direban da ke tahowa ba ya ganinsa, shi ma ba ya ganin direban. An share wannan filin ne don su ga juna. Uban da ya tsaya a wurin don saurin sauke nasa ɗan ya toshe wa 'ya'yan wasu gani.

Na biyu tashar bas ce da aka zagaye da rawaya, da layi mai kauri a bakin dakali. Na uku kuma launinsa ma ba rawaya ba ne. A manyan hanyoyin Landan tun farkon shekarun 1990 ake jan jajayen layuka, kuma wasu biranen sun kwaikwaya. Hukumar sufurin Landan ta ce waɗannan hanyoyin kusan kashi 5 cikin 100 ne na titunan birnin, amma suna ɗaukar har kashi 30 cikin 100 na zirga-zirgarsa. Jan layi biyu na nufin ba tsayawa sam, ko don sauke mutum, sai tasi mai lasisi da mai Blue Badge da aka yi wa rangwamen ɗauka da saukewa. Waɗannan wurare uku, da layin da aka keɓe wa bas, su ne dokar 2015 ta bar wa hukumomin Ingila damar kama masu laifin ajiye mota da kyamara, takardar ta iske mutum a gida.

Akwai kuma akwatin rawaya mai zanen raga da ake yi a tsakiyar mararraba. Shi ba maganar ajiye mota yake yi ba, amma danginsu ɗaya. Doka ta 174 ta ce kada ka shiga akwatin sai ka ga akwai filin da motarka za ta fita gaba ɗaya a ɗaya ɓangaren, ko da danja ta ba ka kore. Togiya ɗaya ce: mai juyawa dama yana iya shiga ya jira, idan motocin da ke tahowa daga gaba ne kaɗai suka tsare shi, ko wasu masu jiran juyawa dama irinsa.

Farin layi mai lanƙwasa da ke kusa da wurin tsallakawar masu ƙafa ya fi duk waɗannan tsanani, domin 'yan sanda na iya sa wa lasisi maki uku a kansa. Wanda kuwa bai cika shekara biyu da cin jarrabawar tuƙi ba, maki shida sun isa a soke lasisinsa.

Idan takarda ta zo

Tun 1960 aka fara ganin jami'an kula da ajiye motoci a titunan Landan. A da laifin na hannun 'yan sanda da kotun majistare, amma dokokin 1991 da 2004 sun mayar da shi hannun ƙananan hukumomi a yawancin wurare. Shi ya sa tarar layin rawaya ba ta sa maki a lasisi, ba ta kuma shiga kundin masu laifi. Bashi ne hukuma ke binka.

Takardar, wadda ake kira PCN, takan zo cikin leda a manne da gilashin gaba. A yawancin garuruwan Ingila da ke wajen Landan tarar layin rawaya fam 70 ce. A Landan tana kaiwa fam 160. Idan aka biya cikin kwana 14, rabi ake karɓa. Idan aka yi biris da ita, takardu za su biyo baya zuwa adireshin da ke rajistar motar, kuɗin ya ƙaru da rabinsa, daga nan a yi rajistar bashin a wata cibiyar kotu da ke Northampton, a ƙarshe masu karɓar bashi su ƙwanƙwasa ƙofa da nasu cajin a sama. Ɗalibai da sabbin zuwa, waɗanda ke yawan sauya gida, su suka fi faɗawa wannan ramin. Sun canza adireshi a lasisi sun manta da takardar rajistar mota, wasiƙu na ta zuwa tsohon gida, tarar fam 35 ta zama ta ɗaruruwa ba su sani ba. Sanar da hukumar rajistar motoci ta DVLA sabon adireshi kyauta ne.

Kana da haƙƙin ƙalubalantar tara, kuma ba a biyan ko kwabo don yin hakan. Ka ɗauki hoton motar, da layin, da allon ko wurin da ya kamata a ce allon yana nan, tun kafin ka matsa. Idan lodi kake yi, ka adana rasit ko takardar kai kaya. Idan mota ce ta lalace, ka adana takardar makanike. Ka rubuta wa hukumar cikin kwana 14 ɗin farko, domin da yawansu sukan sake ba da damar biyan rabi idan sun ƙi uzurinka. In ka sake ƙalubalanta suka ƙi a karo na biyu, akwai masu yanke hukunci masu zaman kansu: London Tribunals ga Landan, Traffic Penalty Tribunal ga sauran Ingila da Wales. Amma ka sani, biyan kuɗin yakan rufe maganar, ba a biya sannan a ɗaukaka ƙara. Kuma dushewar fenti ba kasafai take cin nasara ba, matuƙar mai hankali zai iya gane cewa layi ne. A unguwannin tarihi ma da gangan ake jan layin siriri da rawaya mai haske don kada ya ɓata kyan wurin, ƙarfinsa a doka kuwa ɗaya ne. Rangwamen minti 10 da ake yawan ambata a Ingila na wanda lokacinsa ya ƙare ne a wurin da aka halatta ajiye mota. Bai shafi layin rawaya ba.

Masu aikin kula da tsofaffi da marasa lafiya, waɗanda ke shiga gida shida ko bakwai a yini, su tambayi ƙaramar hukumar yankinsu ko kamfanin da suke wa aiki, domin wasu hukumomin suna ba da takardar izini ta musamman ga irin wannan aikin. Sharuɗɗanta sun bambanta daga gari zuwa gari, kuma rigar aiki ko katin shaida a gaban mota ba ya maye gurbinta.

Rawaya ba yarenta ɗaya ba

Wanda ya iya karatun layin Birtaniya kada ya ɗauka ya iya na duniya. A Faransa, layin rawaya miƙaƙƙe a bakin dakali ya hana tsayawa da ajiyewa duka, irin aikin da ja ke yi a Landan, mai tsinke-tsinke kuma ajiyewa kawai ya hana. A Amurka layin rawaya a tsakiyar titi yake, yana raba masu tafiya da masu dawowa, kuma biyu a jere na nufin ba a tsallakawa don wuce wata mota. A jihar California, dakalin da aka shafa wa rawaya wurin lodi ne da sauke fasinja na ɗan lokaci, ja ne ke hana tsayawa.

A Birtaniya kuma rashin layi ba ya nufin wurin ya halatta. Highway Code ya ce kada a ajiye mota a cikin mita 10 daga mararraba, ko a ƙofar shigar motar wani, ko inda aka saukar da dakali ya yi daidai da kwalta don masu keken guragu da masu tura jarirai su samu hanyar tsallakawa. Wannan na ƙarshen, hukumomi da yawa a Ingila suna cin tara a kansa ba tare da fenti ko allo ba.